Da wane yare kurma yake zancen zuci?

Akwai wani tela a layinmu a Agege, Bakano ne, kurma tun haihuwa. Shagonsa yana kallon teburin mai shayin da muke zama bayan sallar isha'i, don haka duk wanda ya ɗago kai daga kofinsa shi zai fara gani. Wani dare ana gab da ƙaramar salla, ɗinki ya yi masa yawa, yana tsaye shi kaɗai a gaban tulin yadi, sai muka ga yatsunsa suna motsi a daidai ƙirjinsa. Motsi ne ƙanana, ba irin wanda yake yi in yana magana da mutum ba. Ya girgiza kai, ya sake yi, ya ɗan tsaya, sannan ya ɗauki almakashi. Wani direban tirela da ke gefena ya ce, "Allah sarki, abin har ya fara taɓa masa kai." Mai shayi ya ce a'a, haka yake yi duk lokacin da lissafi ya ɗaure masa. Sai ya juyo gare ni, da yake sun san ni da bin takardu, ya ce, "Malam, ni abin da ke ɗaure min kai, bawan Allahn nan bai taɓa jin kalma ko ɗaya ba. To in zai yi tunani, da wane yare yake yi?"

Duk wanda ya zauna a Ikko ya san abin da ya sa tambayar ta zo masa a haka. Kowannenmu a nan yana yawo da harshe uku ko huɗu a baki. Da mai gidan haya Yarbanci, da kwandastan danfo buroka, a ofis Turanci. Amma da an zo ƙirga kuɗi, ko rai ya ɓaci, ko mutum ya kwanta yana saƙa da warwara a kan kuɗin haya, sai Hausa ta dawo. Mun saba da wata murya a cikin kai, har muna cewa "na ce a raina", muna kiran abin zancen zuci. Daga nan sai mu ɗauka muryar nan ita ce tunanin kansa, wanda ba shi da ita kuwa kansa fayau yake.

Hausar ma tana taya mu wannan kuskure. Duba kalmar "ji". Da ita muke jin ƙara, da ita muke jin Larabci, da ita yaro yake jin magana in an yi masa faɗa. Mai taurin kai "ba ya ji", kurma ma "ba ya ji": kalma ɗaya ta haɗa wanda kunnensa ya mutu da wanda ya ƙi hankalta. "Harshe" kuma shi ne tsokar da ke cikin baki, shi ne kuma Hausa da Fulatanci. Wanda ya yi karatun zaure ya haɗu da ma'anar da malaman manɗiƙi suka ba ɗan Adam, wai dabba ce mai furuci, furucin kuma yana ɗauke da magana da hankali a lokaci guda. Sai dai Hausar da ta ɗaure mu ta bar mana ƙofa. "Ganewa" daga "gani" ta fito. In ka ce wa mutum "ka gane?" ai ba kunnensa ka tambaya ba.

Ba mu kaɗai muka faɗa wannan rami ba, namu ma da sauƙi tunda ba mu mai da shi doka ba. A 1880 malaman makarantun kurame suka yi babban taro a birnin Milan na Italiya, kusan dukkansu masu ji, suka zartar cewa a daina koyar da kurame da hannu, a dage musu sai sun yi furuci sun kuma iya karanta leɓen mai magana. Hujjarsu ita ce ta mai shayinmu, an dai yi mata kwalliya: babu cikakken tunani sai da maganar baki. Shekara da shekaru malamai kurame suka yi ta rasa aiki, ana hukunta yara in an kama su suna magana da hannu. Sai a 2010, a Vancouver ta Kanada, wannan taro ya janye matsayar ya bayyana nadama. Shekara 130 ke nan.

Mai son ya san abin da aka ɗora wa yaran nan ya tsaya gaban madubi ya furta "bari", "ɓari", "mari" ba tare da ya fitar da sauti ba. Leɓe abu ɗaya yake yi a duka ukun. Ya gwada "kashi", "ƙashi", "gashi": bambancin yana can cikin maƙogwaro inda ido ba ya kaiwa. Balle "fari" na launi da "fari" na rashin ruwan sama, waɗanda karin sauti kaɗai ya raba su. Karatun leɓe rabinsa canki-canki ne ko ga wanda ya riga ya san harshen. Ga jaririn da bai san akwai wani abu wai shi kalma ba, baki ne kawai ke buɗewa yana rufewa.

Abin ya fara juyawa a 1960, lokacin da William Stokoe, malamin Turanci a kwalejin kurame ta Gallaudet da ke Washinton, ya zuba ido a kan abin da ɗalibansa ke yi da hannu a bayan aji. Ya nuna cewa kowace kalmar hannu haɗi ce ta ƙananan sassa: siffar da hannu ya ɗauka, wurin da aka ajiye shi, da motsin da ya yi. Ka canza ɗaya, kalma ta canza, kamar yadda wasali ɗaya ke mai da kofi ya koma kifi. Daga baya aka ga nahawun ma cikakke ne, sai dai ba a jere yake tafiya kamar na baki ba. Ɗaga gira yana mai da zance tambaya. Mai magana zai ajiye Alhaji a damansa, ya ajiye yaron shago a hagunsa, daga nan alkiblar da hannu ya bi ita ke faɗin wa ya ba wa kuɗi. Ba kuma yare ɗaya ba ne a duniya. Kurman Ingila da na Amurka ba sa jin juna, duk da ƙasashen biyu Turanci suke yi. Na Amurka ya fi kusa da na Faransa, saboda wani malami kurma Bafaranshe, Laurent Clerc, yana cikin waɗanda suka buɗe makarantar kurame a Hartford ta Amurka a 1817.

Mu ma muna da namu. Kuramen ƙasar Hausa suna da abin da ake kira maganar hannu, wasu su ce maganar bebaye, wadda ba a makaranta aka ƙirƙiro ta ba. Manya ne ke koya wa ƙanana a majalisa da kasuwa da wurin sana'a. Wata Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta zauna da kuramen Kano a shekarun 1990, ta fitar da littafi a kan tsarin yaren a 2000. Ba Hausa ba ce aka ɗora a kan yatsu, harshe ne mai zaman kansa da ya tashi a cikin al'adar Hausawa. Telan layinmu da shi ya buɗe ido, don yayansa ma kurma ne, kuma tun yana rarrafe akwai mai yi masa magana. Wannan sa'ar ita ce ta raba shi da wasu da zan zo kansu.

To amma yaya aka san cewa da hannun suke tunani, ba wai magana kawai suke yi da shi ba?

Shaidar da ta fi gamsar da ni daga marasa lafiya ta fito. Ursula Bellugi da Edward Klima, masu bincike a cibiyar Salk da ke Kalifoniya, sun bibiyi kuramen da suka gamu da shanyewar ɓarin jiki. An daɗe da sanin cewa a yawancin mutane harshe yana zaune ne a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, shi ya sa mai ji in ciwon ya taɓa masa nan magana take rikice masa. Ɓangaren dama kuma ya fi ƙarfi a sanin wuri da siffa. Tunda maganar hannu da ido ake karɓarta, a sarari kuma ake yin ta, kowa zai ce tana dama. Sai aka ga akasin haka. Kurman da ciwon ya taɓa masa hagu, kalmomin hannu ne suka tarwatse masa, wani ya kasa haɗa jimla, wani ya riƙa zuba kalmomi marasa kan gado. Wanda ciwon ya taɓa masa dama kuwa, zai zana gida ya manta da rabinsa, amma in ya tashi magana da hannu sai ka rantse lafiyarsa ƙalau. Wato ita ƙwaƙwalwa ba ruwanta da ƙofar da harshe ya shigo, ko kunne ko ido, masauki ɗaya take ba shi.

Sauran shaidun duk hanya ɗaya suka bi. A 1991 Laura-Ann Petitto ta nuna cewa jariran da suka tashi a gidan masu maganar hannu suna gwaranci da yatsu, suna maimaita guntayen motsi, a daidai watannin da namu ke "ba-ba-ba". A 1997 wasu masu bincike a Landan suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar kurame suna haɗa jimla a zuci ba tare da sun motsa hannu ba, sai ga wurin da ke aiki shi ne na gaba ta hagu, wanda ke aiki in mai ji yana zancen zuci. In aka ba mu jerin kalmomi mu riƙe, waɗanda suka yi kama a sauti ne ke cakuɗe mana, su kuwa waɗanda suka yi kama a siffar hannu. Muna suɓutar baki, suna suɓutar hannu. Mukan ce "sunan nan yana bakina" in ya maƙale, su kuma siffar hannun takan zo musu, motsin ya ƙi zuwa. Matan kurame da 'ya'yansu sun sha ganin su suna magana da yatsu a cikin barci.

Kurame da yawa in aka tambaye su sukan ce ba kallon hannu suke yi a zuci kamar mai kallon talabijin ba, jin motsin suke yi a jikinsu ba tare da sun yi shi ba. Wannan bai kamata ya ba mu mamaki ba, don muryar da ke kanmu ma ba da kunne muke jin ta ba. Shirin furuci ne da bai fito ba. Dubi mai tilawa a zuci a sahun masallaci, za ka ga leɓensa na rawa. Abin da muka gani a shagon tela ke nan, sai dai shi a yatsu ya ɓullo.

Saboda haka amsar mai shayi ita ce, ya danganta da kurman. Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Da yawa daga cikin kuramenmu da jinsu aka haife su, ciwo ne ya tafi da shi: ƙyanda, hangum, zazzaɓi mai zafi, musamman sanƙarau. Annobar sanƙarau ta 1996 kaɗai ta kama sama da mutum 100,000 a Najeriya, ta kashe sama da 11,000, cikin waɗanda suka tashi kuma akwai waɗanda suka tashi babu kunne. Yaron da ya kurmance yana ɗan shekara tara, Hausarsa tana nan a kansa, da ita zai ci gaba da zancen zuci, ko da daga baya ta gauraya da maganar hannu. Wanda aka horar da karatun leɓe yakan ce yana jin motsin baki, ko yana ganin rubutattun kalmomi. Wanda ya tashi da maganar hannu, da ita yake yi. Mafi yawa gauraye ne, kamar dai mu 'yan Legas.

Nan ne tambayar ta yi sauƙi. Inda ta yi nauyi shi ne kurman da bai samu kowane harshe ba, na baki ko na hannu.

Irinsu ba kaɗan ba ne. A ƙididdigar Amurka, sama da kashi 90 cikin 100 na yara kurame iyayensu masu ji ne, waɗanda ba su taɓa tunanin koyon maganar hannu ba. Irin wannan yaro yana zaune a tsakiyar hira amma ko ɗigo ba ya kai masa. Ba ya zama haka kawai, yakan ƙirƙiro nune-nunensa na gida: wannan abinci, wannan Baba, wannan tafi. Susan Goldin-Meadow ta jami'ar Shikago ta shafe shekaru tana nazarin irin waɗannan yara, ta ga nunin nasu yana da tsari, har ya fi wanda iyayensu ke mayar musu. Wato yaro ne ke neman harshe ido rufe, gida ya kasa ba shi. Akwai kuma labarin wani ɗan Meziko da Susan Schaller ta haɗu da shi yana da shekara 27 bai san abubuwa suna da suna ba, amma yana aikin ƙarfi, yana ciyar da kansa, ya ƙetare iyakar ƙasa. Babu mai cewa wannan ba ya tunani.

Mu masu ji ma, in muka yi wa kanmu adalci, yawancin tunaninmu ba da kalma muke yi ba. Direban danfo da ke kutsawa a cunkoson Oshodi, yana auna ratar da ke tsakanin tirela da kwalbati, ba jimla yake haɗawa ba. Mahauci a Oko-Oba yana duban sa ya san naman da zai fitar kafin ya buɗe baki. Kowa ya taɓa cewa "na san abin da nake nufi, yadda zan faɗa ne ya gagara", to da wane yare ya san shi? Rosemary Varley a Ingila ta gwada mutanen da ciwon ƙwaƙwalwa ya rushe musu nahawu kusan gaba ɗaya, ta same su suna warware lissafi. Evelina Fedorenko a Amurka ta nuna da hoton ƙwaƙwalwa cewa sassan harshe kusan shiru suke yi in mutum yana lissafi ko warware wani ƙulli na hankali. Ko zancen zucin ma ba kowa ke yawan yin sa ba. Russell Hurlburt ya riƙa rataya wa mutane wata na'ura mai ƙara, duk lokacin da ta yi kuka su rubuta abin da ke kansu a daidai lokacin. Wasu kusan kullum magana ce, wasu kuwa da wuya a kama su da kalma ko ɗaya.

Da a nan zancen ya tsaya, sai mu ce harshe jaka ce kawai da tunani ke shiga in zai fita waje. Ni ban yarda da haka ba, kuma kuramen Nikaraguwa ne suka hana ni yarda.

A 2011 aka buga wani bincike a kan manyan kurame huɗu a ƙasar, waɗanda ba su koyi maganar baki ko cikakken yaren hannu ba, sai nunin gida. Mutane ne masu sana'a, suna mu'amala da kuɗi, sun san wace takarda ta fi wace. Amma in aka ƙwanƙwasa musu hannu sau bakwai aka ce su mayar daidai, sai su yi shida ko takwas. Daga ɗaya zuwa uku ba sa kuskure, daga nan sai kusa-kusa. Ido da kansa yana raba kwando biyu da kwando uku. Amma kwandon tumatir 17 da 18 a kasuwar Mile 12, ido ba ya raba su, sai an sami jerin sunaye da za a rataya kowane a kai. Ko da baki aka jera su ko da yatsu duk ɗaya ne: kuramen da suka tashi da maganar hannu suna ƙirga daidai kamar kowa.

Na biyun ya fi wannan taɓa zuciya. A 1977 aka buɗe wata makaranta a Managuwa, babban birnin ƙasar, aka tara yara kurame da a da kowa yana ɓoye a gidansu. Malamai suka duƙufa koya musu karatun leɓe da Sifaniyanci, abin bai yi wani tasiri ba. Amma a filin wasa da cikin motar makaranta, yaran suka haɗa nune-nunensu na gida suka fara fahimtar juna. Ƙannen da suka shigo bayansu suka karɓi wannan ɗanyen abu suka gyara shi, suka sa masa ƙa'ida da sauri, har ya zama cikakken harshe. Lokacin da Judy Kegl, wata masaniyar harshe daga Amurka, ta isa a 1986, abin da ta tarar ke nan: harshe sabo fil, wanda yara suka haifa.

Sai aka zo da wata jarrabawa da ake yi wa ƙananan yara. Yaro ya ajiye alewarsa a cikin kwano ya fita. Yayarsa ta ɗauke ta mayar ƙarƙashin matashi. In ya dawo, ina zai fara dubawa? Ɗan shekara uku yakan ce ƙarƙashin matashi, don shi ya san tana can, bai kuma raba abin da ya sani da abin da wani ya sani ba. Wajen shekara huɗu zuwa biyar sai ya ce kwano. Jennie Pyers da Ann Senghas suka yi wa kuramen Nikaraguwa irin wannan da hotuna. 'Yan rukunin baya, wato ƙannen nan masu cikakken harshe, suka ci. 'Yan rukunin farko, manya masu shekara ashirin da wani abu, da yawansu suka faɗi, kuma su ne waɗanda ba su cika amfani da kalmomi irin su "sani" da "zato" ba. Bayan shekara biyu aka dawo. A tsakani sun yi ta zama da ƙannen nasu a ƙungiyar kurame, sun ɗauki waɗannan kalmomi, kuma sakamakonsu ya gyaru. A wasu ƙasashen ma an ga haka: kurman da iyayensa kurame ne yana cin jarrabawar nan a kan lokaci, wanda ya tashi babu mai yi masa magana yakan makara da shekaru. Kunnen duka biyun ɗaya ne. Abin da ya bambanta shi ne wani ya tashi ana ce masa "Inna ta zaci ka tafi", ɗayan kuwa ba a taɓa ce masa ba.

Kuma ƙofar ba ta zama a buɗe har abada. Rachel Mayberry ta kwatanta mutane iri biyu da suka fara koyon maganar hannu a shekaru ɗaya, bayan sun wuce ƙuruciyar farko. Waɗanda suka riga suka iya Turanci kafin su kurmance sun kama ta sosai. Waɗanda ita ce harshensu na farko, ko bayan shekara ashirin suna amfani da ita, nahawu mai sarƙaƙiya yana ba su wuya. Harshe na biyu yana iya jira. Na farko ba ya jira.

Wannan ne ya sa yarinyar da ke gidan hayarmu take tsaya min a rai. Shekararta shida. Iyayenta mutanen kirki ne, sun kai ta wurin mai magani, an yi rubutu an yi tofi, an je asibiti sau biyu. Kakarta tana cewa a yi haƙuri, kawunta ma sai da ya shekara biyar ya yi magana. Da na ce wa uban, "Alhaji, me zai hana a riƙa kai ta wurin tela da matarsa ta koyi hannu?" sai ya ce yana tsoron in ta saba da hannu bakin ba zai buɗe ba. Tsoron Milan ne ya biyo mu har Agege, alhali bincike bai nuna cewa maganar hannu tana hana furuci ba. Ko na'urar ƙara ji aka samu, ko aka yi dashen nan na cikin kunne da ke cin miliyoyin naira, yaron da ya riga ya san mene ne kalma ya fi wanda bai sani ba abin dafawa.

In ma an kai ta makaranta, wani ƙullin ne. Legas tana da makarantar kurame ta Wesley a Surulere, ɗaya daga cikin mafiya daɗewa a ƙasar nan. Yaren hannun da ya mamaye makarantun Najeriya kuwa asalinsa na Amurka ne, ya shigo ta hannun Andrew Foster, baƙar fatan Amurka wanda shi ma sanƙarau ne ya kurmantar da shi yana ɗan shekara 11. Ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960, ya buɗe wasu da dama a Afirka kafin ya rasu a haɗarin jirgin sama a Ruwanda a 1987. To ɗiyar Bahaushe a Legas za ta koyi wannan yare a aji tare da rubutun Turanci, ta dawo gida inda ake Hausar da ba ta taɓa ji ba, ta je islamiyya inda karatu duk na baki ne, in an je gida Kano da salla kuma ta tarar kuramen unguwa suna maganar hannu irin tasu. Wannan bai dame ni sosai ba, ƙwaƙwalwar yaro tana ɗaukar harshe biyu da uku ba ta gaji ba. Wanda ya dame ni shi ne gidan da babu ko mutum ɗaya da zai iya tambayar ta me ta yi mafarki. Dokar hana nuna wa masu naƙasa bambanci da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ba ta shiga tsakar gida.

Abin mamaki, malamanmu na fiƙihu sun riga Stokoe da ɗaruruwan shekaru a wani gefen. Sun ce isharar bebe da aka fahimta tana tsayawa a matsayin furuci, da ita zai yi ciniki, ya yi aure, ya yi saki. Ba a ɗora wa wanda ba shi da hankali irin wannan nauyi. A suratu Ali Imrana, alamar da aka ba Annabi Zakariyya, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ita ce ba zai yi wa mutane magana ba kwana uku sai da ishara, kuma a ayar aka umarce shi da yawan ambaton Ubangijinsa. "Kurame, bebaye, makafi" da ke farkon Baƙara kuwa munafukai ake nufi, mutanen da kunnuwansu garau suke.

Bayan salla na shiga shagon tela karɓar ɗinkina. Akwai wani yaronsa mai ji da ya iya hannu, na ce ya tambayar min shi me yake faɗa wa kansa a daren nan. Sai da ya gama dariya, ya taɓa gefen idonsa, wanda shi ne sunan da ya raɗa min saboda tabarau, sannan ya ba da labari. Wani Alhaji ne ya kawo shadda ya ce babbar riga da 'yar ciki da wando, alhali yadin ba zai kai ba. Ya auna sau biyu bai kai ba. Ya san Alhajin ya zaci ya kai, don mai shagon yadi haka ya ce masa, ya kuma san in ya fito ya ce bai kai ba Alhaji zai ɗauka shi ne ya yanki wani abu ya ɓoye. Shi ne yake gwada yadda zai faɗa masa. Ya gwada ta farko ya ga za ta jawo faɗa, shi ya sa ya girgiza kai. A ƙarshe ya yanke shawarar ba zai taɓa shaddar ba sai Alhaji ya zo an auna a gabansa. Almakashin da muka ga ya ɗauka, wandon wani yaro ya yanka da shi.